Gashin Sauti a Sashen Fisiyo: Abin da Yake Yi a Jiki da Yadda Ake Bin Sa Mataki-Mataki

Wata Hajiya ta shafe wata huɗu tana fama da kafaɗarta ta dama kafin ta zo sashenmu na fisiyo, inda ake jinya da gashi da motsa jiki. Mai ɗinki ce, tun tana amarya take taka keke, amma yanzu ɗaura ɗankwali ya zame mata aiki, kai hannu baya ta zuge zif kuwa ya gagara. Na duba ta, na auna inda hannun ke tsayawa, na matsa jel mai sanyi a kafaɗar, na ɗora kan na'ura ina zagayawa a hankali. Da minti goma ya cika na kashe. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni fa ban ji komai ba sai ɗan ɗumi. Anya injin nan naka yana aiki kuwa?"

Tana da gaskiyar tambaya. Mu mun saba da gashin da ake ji: ruwan zafi da tawul, man zafi mai raɗaɗi, hannun mai ɗori da ke sa mutum salati. To ga wata na'ura babu ƙara, babu raɗaɗi, an ce tana aiki a cikin tsoka. Saboda ita da irinta na rubuta wannan jagora, don wanda aka rubuta wa gashin altrasawun, wato gashin sauti, ya san abin da ake yi masa, ya san abin da zai faɗa, ya kuma san lokacin da zai ce a dakata.

Mataki na farko: san abin da za a ɗora maka

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kamar sau 20,000 a sakan ɗaya. Duk abin da ya haura haka kunne ba ya kama shi, shi ake kira altrasawun. Na'urar gashi tana kaɗawa sau miliyan 1 ko miliyan 3 a sakan, wato megahaz 1 ko megahaz 3. Ba wutar lantarki ce ke shiga jikinka ba, ba kuma irin hasken hoton ƙashi ba ne. Jijjiga ce zalla, mai matuƙar sauri.

A cikin kan na'urar akwai wani ɗan faifan tangaran na musamman. Idan wuta ta ratsa shi sai ya riƙa kumbura yana tsukewa, wannan motsin ne ke tura naman da ke gabansa, naman ya tura na gabansa, har jijjigar ta nutsa ciki da gudun kusan mita 1,540 a sakan. Asalin ilimin ya faro ne a Faransa a 1880, lokacin da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa wasu duwatsu suna fitar da lantarki idan aka matse su. Daga baya aka tabbatar da akasin haka, cewa idan aka ba su lantarki suna motsi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da wannan wajen neman jiragen ƙarƙashin teku, a ƙarshen shekarun 1930 kuma aka fara gwada shi a kan marasa lafiya a Jamus.

Mutane da yawa suna haɗa ta da na'urar sikanin ɗin masu ciki. Danginsu ɗaya, aikinsu daban. Ta sikanin tana aika sauti ne ta saurari amsa-kuwwarsa don ta zana hoto. Ta gashi ba ta nuna komai a allo, burinta nama ya shanye sautin. Don haka idan aka yi maka gashin sauti, ba a "duba cikin" kafaɗarka ba.

Mataki na biyu: kafin a buɗe jel, a yi magana

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo. Dole likitan fisiyo ya san takamaiman abin da ke ciwo. Kalmarmu ta "jijiya" tana kawo ruɗani a nan, domin da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da ita muke kiran agara, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi. Idan ka ce "jijiya ce ta riƙe", sai an taɓa, an lanƙwasa, an gwada ƙarfi kafin a san wacce kake nufi. Gashin sauti wuri ƙarami yake yi wa aiki. Wanda ya ce duk jikinsa ke ciwo, ko duk bayansa daga wuya zuwa ƙugu, ba wannan na'urar yake buƙata ba.

Sannan akwai abubuwan da za ka faɗa ko ba a tambaye ka ba. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ba a ɗora mata a ciki, mara, ƙugu ko ƙasan baya. Na san da yawa ba sa son ambatar ƙaramin ciki, musamman a gaban namiji ko uwar miji, amma a raɗa wa ma'aikaciya a gefe, ya wadatar. Ba a ɗorawa a kan ƙari ko wurin da ake zargin ciwon daji, ko inda aka gasa da hasken maganin daji kwanan nan. Ba a ɗorawa a ƙafar da ta kumbura ta yi zafi ana zargin gudan jini ya toshe hanya, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Haka wurin da ke da ƙurji ko mugunya, da wurin da jini bai gama tsayawa ba. Ba a kai ta ido, maraina, gaban wuya, saitin zuciya, ko kusa da na'urar daidaita bugun zuciya. Wanda aka yi wa aiki a ƙashin baya aka cire ɓangaren da ke rufe laka, ba a bi ta wurin. Yara masu tasowa kuma ana kauce wa bakin ƙasusuwansu inda tsawo ke fitowa. Wanda aka sa wa gwiwa ko ƙugu na roba ya faɗa, saboda robar da simintin da ke riƙe ta suna ɗaukar zafi. Ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi bai cika hana gashin ba, amma shi ma a sani.

Abubuwa biyu zan ƙara jaddadawa saboda yawansu a wurinmu. Na farko ciwon suga. Wanda ya daɗe da shi, sau da yawa ƙafafunsa sun daina jin zafi da sanyi sosai. Shi kuwa gashin sauti, bakin majiyyaci ne ma'auninsa: idan ya yi yawa kai ne za ka ce ya yi yawa. Wanda ba ya ji zai iya ƙonewa a ciki yana murmushi. Shi ya sa ake fara gwada fata da abu mai ɗumi da mai sanyi. Na biyu ciwon bayan da ke tare da rama, zazzaɓin dare da gumi. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ba a gasa irin wannan wuri. Mai waɗannan alamu likita zai fara gani a yi gwaji.

Mataki na uku: zaɓen zurfi

Idan an tabbatar babu abin da ya hana, sai likitan ya tambayi kansa: abin da nake nema yana kusa da fata ne ko yana can ciki? Amsar ce ke zaɓar lamba. Megahaz 3 nama yana shanye shi da wuri, aikinsa bai wuce santimita 1 zuwa 2 da ɗoriya ba. Shi ya dace da gwiwar hannu, wuyan hannu, idon sawu da agarar dunduniya. Megahaz 1 yana nutsawa kamar santimita 3 zuwa 5, shi ake kai wa cinya, ɗuwawu da cikin kafaɗa. Abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne babbar lamba ce ke tsayawa a sama, ƙaramar ce ke zurfi.

Ba kowane nama ne ke shan sautin daidai da wani ba, kuma a nan sirrin na'urar yake. Jini da kitse kusan wucewa yake yi ta cikinsu. Tsoka tana sha daidai gwargwado. Waɗanda suka fi sha su ne masu yawan kolajin, wato zaren furotin mai tauri da jiki ke yin igiyoyinsa da shi: agara, igiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, jakar da ta lulluɓe gaɓa, da tabon da ya warke ya ƙanƙance. Tawul mai zafi fata yake fara gasawa, zafinsa bai cika wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Sauti kuwa yana iya ratsa fata da kitse bai dame su ba, ya je ya ɗumama agarar da ke ƙarƙashi. Ga kuma ɗaya gefen: babbar tsoka mai jini da yawa ba ta riƙe wannan ɗumi, jinin yana kwashe shi kamar yadda ruwan rafi ke kwashe zafin dutse. Idan tsoka ce gaba ɗaya ake son ta yi ɗumi, tafiyar minti goma ko taka keke ya fi na'urar.

Mataki na huɗu: da zafi ko babu zafi

Na'urar tana da hanya biyu. Ko ta riƙa fitar da sauti babu yankewa, ko ta riƙa bugawa tana hutawa. Wanda aka fi sawa a na biyun shi ne kashi 20 cikin 100: bugu ɗaya, hutu huɗu. A lokacin hutun ɗumin da ya taru yana bajewa, saboda haka wurin ba ya yin zafi.

Idan babu yankewa, ƙwayoyin nama suna gogar juna sau miliyoyi, gogayyar ta zama zafi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi idan ka murza su da sanyin hunturu. Jiki yana zaune ne a kusan digiri 37. A ƙa'idar da ake koyarwa, ƙarin digiri 1 yana ɗan hanzarta aikin ƙwayoyin halitta. Ƙarin digiri 2 zuwa 3 yana ƙara gudun jini, ya sassauta ɗaurewar tsoka, ya rage ciwo. Ƙarin digiri 4 shi ne inda kolajin ke laushi ya yarda a ja shi. Ka tuna fatar da dukawa ke aiki da ita: a bushe da sanyi tana gardama, idan ta yi laushi sai ta bi hannu. Amma idan aka haura digiri 45 nama ya fara lalacewa. Tsakanin amfani da illa tazarar kaɗan ce.

Ƙarfin sautin ana auna shi da wat a kan kowane murabba'in santimita, yawanci daga 0.1 zuwa 2. Wani mai bincike a Amurka, David Draper, shi da abokan aikinsa sun soka siririn ma'aunin zafi cikin tsokar ƙwauri a 1995 suka auna. A ƙarfin wat 1.5, megahaz 1 yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku na digiri a minti, megahaz 3 kuma kusan digiri ɗaya a minti. Yi lissafi da kanka. Don a kai ƙarin digiri 4 a wuri mai zurfi ana buƙatar fiye da minti 10. Wanda aka goga wa na'ura minti 3 a megahaz 1 aka ce an gasa masa cikin kafaɗa, jel kawai aka shafa masa. A ɗaya ɓangaren kuma, megahaz 3 yana zafi kusan ninki uku, don haka a kan gwiwar hannu ko idon sawu dole a rage ƙarfi ko lokaci.

To idan an sa mai hutawa, babu zafi, me ya rage? Abu biyu. A cikin ruwan jiki akwai ƙananan ƙwayoyin iska da ido ba ya gani. Idan sautin ya ratsa, sai su riƙa kumbura suna tsukewa tare da shi. Wannan motsi yana sa ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halitta ya riƙa 'yar guguwa a jikin bangonsu, bangon ya ɗan ƙara buɗe ƙofofinsa, sinadarai irin su kalsiyam su samu shiga. A ɗakin gwaji an ga wannan yana zaburar da ƙwayoyin da ke share rauni da waɗanda ke saƙa sabon kolajin. Mary Dyson a Landan tana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan wannan tun daga ƙarshen shekarun 1960.

Rauni yana warkewa ne hawa uku. Kwanakin farko kumburi ne da zafi, jiki yana share ɓarna. Daga nan zuwa kamar mako uku yana saƙa sabon nama. Sannan watanni yana gyara saƙar tana ƙarfi. A kwanakin farko ba a ƙara zafi a kan zafi, idan za a yi amfani da na'urar to mai hutawa ce da ƙarfi kaɗan. Zafi na tsohon ciwo ne, wanda ya sandare ya ƙi miƙewa. Kuma a lura, mai hutawar ba ta kashe kumburi kamar ƙwayar magani. Abin da ake fata shi ne ta taimaki jiki ya gama wannan hawan ya wuce na gaba.

Mataki na biyar: a kan gado

Za a buɗe wurin, a cire sarƙa ko awarwaro, a goge man shafawa da man zafi. Za a zaunar da kai yadda abin da ake nema zai fito kusa da fata. A kafaɗa, misali, akan sa ka kai hannu baya don agarar ta leƙo daga ƙarƙashin ƙashi.

Jel ɗin ba magani ba ne, gada ce. Sautin nan ba ya tsallaka iska. Ko siririn gibi ne tsakanin kan na'ura da fata, kusan dukkansa zai koma baya, kan ya yi zafi, kai kuma ba ka samu komai ba. Shi ya sa ake zuba jel da yawa, ake kwantar da kan na'urar sosai, kuma ba a kunna ta sai ta zauna a jiki. Wuri mai gashi da yawa yana riƙe kumfa, sai an danna jel ɗin ya shiga. Wurare masu tudu da kwari kamar yatsu da idon sawu akan tsoma su a robar ruwa, a riƙe kan na'urar kamar santimita ɗaya daga fata, ana share kumfar da ke taruwa. Roba ake so, kwanon ƙarfe yana mayar da sautin. Wani lokaci akan haɗa jel da maganin shafawa irin diklofenak da niyyar sautin ya taimaka ya tura shi ciki. Idan za a yi maka haka, faɗi ko akwai maganin da jikinka ba ya so.

Kan na'urar da aka fi amfani da shi faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo ne. Wurin da za a gasa bai kamata ya wuce ninki biyu na wannan faɗin ba, ko uku idan ya yi yawa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: a ɗauki ɗan kan nan a bi duk faɗin baya da shi kamar ana gugar riga. Kowane wuri sakan kaɗan yake samu, babu inda zai yi ɗumi. Idan wurin yana da faɗi, raba shi ake yi gida-gida, kowanne da lokacinsa.

Hannun likitan kuma ba ya tsayawa. Zagaye ƙanana ko kai da komo, a hankali, kamar santimita 4 a sakan. Dalili biyu ne. Sautin ba ya fita daidai a duk fuskar kan, akwai ɗigon da ƙarfinsa ya ninka matsakaicin sau biyar ko shida, idan aka tsaya sai wannan ɗigon ya ƙona wuri ɗaya. Sannan sautin da ya doki ƙashi yana dawowa ya haɗu da mai shigowa. Dyson da abokan aikinta sun nuna a cikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai cewa idan aka tsayar da sautin wuri guda, ƙwayoyin jini suna tsayawa layi-layi a cikin ƙananan hanyoyinsu. Idan ka ga mai yi maka ya tsayar da hannu yana amsa waya, kana da haƙƙin ka ce, "Malam, a ci gaba da juyawa."

Abin da za ka ji: a mai hutawa, babu komai sai sanyin jel da motsin ƙarfe. A marar yankewa, ɗumi mai daɗi bayan minti biyu ko uku. Abin da bai kamata ka ji ba shi ne wani ciwo mai nauyi can ciki, kamar ana murɗa ƙashi. Wannan tantanin da ya lulluɓe ƙashi ne ya yi zafi, kuma yana cike da jijiyoyin jin ciwo. Kada ka daure. Dattawanmu maza su ne gwanayen cije leɓe, suna ganin sai magani ya yi zafi yake aiki. Na sha ce wa irinsu, "Baba, a nan dauriya ba ta da lada, da kun ji ya soka ku gaya mini." Da ka faɗa, za a rage ƙarfi ko a ƙara saurin hannu, ciwon ya ɗauke nan take.

Mataki na shida: mintunan da ke biyo baya

Nan ne amsar tambayar Hajiya take. Ɗumin da aka tara ba ya jira. Da an ɗaga kan na'ura jini ya fara kwashe shi, cikin mintuna kaɗan wurin ya koma yadda yake. Idan an gasa ne don abu ya miƙe, to miƙewar a lokacin ake yin ta, tun kafin a kashe na'urar ma idan da hali, a ci gaba da zarar an kashe. Wanda aka gasa, aka goge masa jel, ya sa riga ya tafi neman adaidaita sahu, ya bar amfanin a kan gado.

Ban bar Hajiya ta tashi ba. Na kama hannun na ɗaga shi zuwa inda yake tsayawa, na riƙe rabin minti, na sake, na maimaita. Na motsa kan ƙashin a cikin gurbinsa. Sannan na koya mata na gida: ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, ta sa alama da alli inda ta kai, ta kwanta ta riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen ya tura mai ciwon sama, ta sunkuya ta saki hannun yana lilo. Na kuma tura ta gwajin suga, domin sandarewar kafaɗa ta fi kama masu ciwon suga, wasu ma ta nan ake fara gano shi. Na ce mata, "Hajiya, injin ƙofa kawai yake sassautawa. Ku ne za ku tura ta, safe da yamma."

Bayan gashi ba a hana wanka, ba a hana cin komai. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya saboda miƙewa ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ya ƙaru ya kwana biyu, ko ja da kumburi a wurin, a koma a faɗa.

Mataki na bakwai: ƙirga, ka auna, ka san lokacin tsayawa

Akan yi gashin sau biyu ko uku a mako. Tun ranar farko ka sami abin da za ka auna da shi: alamar alli a bango, yawan takun da kake yi kafin dunduniya ta soka, ko iya zaman tahiya ba tare da miƙe ƙafa ba. Idan an yi sau biyar ko shida babu abin da ya motsa, a zauna a sake lissafi. Ko an yi kuskuren gano ciwon, ko ma'aunin bai dace ba, ko wannan ciwon ba na na'urar ba ne.

Dole in faɗi gaskiya a kan wannan, domin kuɗi da lokacin mutane ake kashewa. Abin da aka gani a ɗakin gwaji ya fi abin da aka gani a jikin marasa lafiya ƙarfi. A 2001 masu bincike Robertson da Baker sun tace gwaje-gwaje 35, suka sami 10 ne kawai masu inganci, a cikinsu 2 ne suka nuna na'urar ta fi ta bogi da aka kashe. A targaɗen idon sawu, bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi ba ta sami wani amfanin kirki ba. A ciwon ƙasan baya, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a jagorarta ta 2016 kada a riƙa ba da shi. Akwai wani nau'i mai rauni sosai da ake ɗorawa a kan karaya minti 20 kullum, wanda aka amince da shi a Amurka a 1994, amma babban gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum 501 masu karayar ƙwauri da aka yi wa aiki bai ga ya hanzarta warkewa ba. A ita kanta sandarewar kafaɗa hujjar ba ta da ƙarfi, shi ya sa ban taɓa yi wa Hajiya shi kaɗai ba.

Inda ya nuna alheri ma akwai. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, Ebenbichler da abokan aikinsa sun buga a 1999 cewa masu taruwar kalsiyam a agarar kafaɗa sun samu narkewarsa da sauƙin ciwo. Amma dubi yadda suka yi: zama 24, kowanne minti 15, cikin mako shida. Wannan ya yi nisa da minti biyar sau ɗaya a mako. A amosanin gwiwa kuma wasu gwaje-gwaje sun nuna ɗan ragin ciwo. Ra'ayina shi ne na'urar tana da gurbi, ƙarami ne: wuri ƙanƙani mai kolajin, ma'auni daidai, sannan motsa jiki a bayansa. Duk tsarin jinyar da ya zama daga jel sai jel, mako bayan mako, babu atisaye, babu awo, ka tambayi dalili.

Ita ma na'urar tana tsufa. Faifan cikinta yana tsagewa idan ya faɗi ko aka bar shi a kunne cikin iska, wutar da ke rawa tana ɓata ta, allo ya nuna lamba ɗaya alhali abin da ke fita daban ne. Gwajin gaggawa shi ne a juya kan sama, a ɗiga ruwa, a kunna: idan tana aiki ruwan zai yi ɓari har ya tashi kamar hazo. Wannan yana nuna tana da rai ne kawai, sanin ko ƙarfin daidai ne sai injiniya ya auna, aƙalla sau ɗaya a shekara. Kan na'urar kuma a goge shi da sifirit tsakanin mutum da mutum, domin shi da bakin robar jel suna ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Yanzu ana tallar ƙanana a intanet, ana kuma samun masu ɗora wa mutane a shaguna. Matsalar ba riƙe na'urar ba ce, sanin inda ba a ɗora ta ne. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa likitocin fisiyo rajista, kuma ba laifi ba ne ka tambayi lasisin wanda zai taɓa ka. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen fisiyo, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan za ka je, tafi da takardun gwajinka da hotunan ƙashi, da jerin magungunan da kake sha, ka sa tufafin da za a iya buɗe wurin cikin sutura. Mace tana iya neman mace ta yi mata, ko ta shiga da 'yar rakiya.

Hajiya ta yi zama takwas na gashi da miƙewa, daga nan muka ajiye na'urar muka ci gaba da atisaye kaɗai. Alamar allinta ta riƙa hawa bango kaɗan-kaɗan, wani makon ma ba ta motsa ba. A wata na uku ta shigo da ɗankwali ɗaure, ta ce da hannunta ta ɗaura. Zif ɗin baya har lokacin jikarta ce ke zuge mata, sai muka ƙara mata atisayen tawul: ta riƙe shi ta bayanta, hannun hagu a sama yana jan na dama, sau goma da safe, sau goma bayan la'asar.